Yadda Ake Sayen Wasannin Bidiyo a Lokacin Rangwame Ba Tare da Zubar da Kuɗi Ba

Sau uku ko huɗu a shekara shagunan wasannin bidiyo na intanet kan karya farashin kayansu. Ka buɗe Steam ko PlayStation Store ka tarar shafin ya cika da lambobi: wannan an zaftare masa kashi 50, wancan kashi 75, wani har 90. Sabon shiga sai ido ya ruɗe shi, ya yi ta loda kaya a kwando, bayan wata guda ya duba asusunsa ya ga wasa goma, ko uku bai buɗe ba. Wanda ya daɗe a harkar ya san cewa mafi yawan aikin ana gama shi ne tun kafin a buɗe rangwamen. Ranar da aka buɗe, biyan kuɗi kawai ya rage.

Abubuwan da za ka tanada

Asusu a shagon da kake saye, wanda ka kulle da tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wani tabbaci daga waya ko imel kafin a shiga. A Steam sunansa Steam Guard, sauran shagunan ma kowa da nasa. Ɓarayin asusu kan kai farmaki a lokacin rangwame, don haka wannan shi ne na farko.

Shafin da ke ajiye tarihin farashi. Masu kwamfuta su riƙe SteamDB da IsThereAnyDeal. Masu PlayStation, Xbox ko Nintendo Switch su riƙe Deku Deals ko PSPrices. Duk kyauta ne.

Bayanan na'urarka a rubuce: sunan furosesa, sunan katin hoto, yawan RAM, da wurin ajiyar da ya rage. A Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka danna Enter. Shafin farko zai nuna furosesa da RAM, shafin Display kuma ya nuna katin hoto. Ka kwafe su ka ajiye a waya. Masu na'urar wasa ta talabijin sun huta da wannan, wurin ajiya kawai za su duba.

Hanyar biyan kuɗi da ka riga ka gwada ta yi aiki, da kuma ƙurewar abin da za ka kashe, a rubuce.

Mataki na 1: San lokutan

Steam, shagon kamfanin Valve, yana da manyan rangwame huɗu. Akwai na Maris, mai mako guda. Akwai na ƙarshen Yuni da ke shiga Yuli, mako biyu. Akwai na kaka, wanda aka daɗe ana yi a ƙarshen Nuwamba kafin a dawo da shi ƙarshen Satumba a 2025. Sai na ƙarshen Disamba da ke ƙetarawa zuwa Janairu, shi ma kimanin mako biyu. Na Yuni da na Disamba su ne manya. Valve kan sanar da ranakun watanni kafin lokacin, don haka ba sai ka yi ta hasashe ba.

Epic Games Store na yin babban nasa wajen Mayu zuwa Yuni, sai kuma Disamba. Sony, mai PlayStation, na da Days of Play a ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Kusan kowane shago, har da na Xbox da Nintendo, yana karya farashi a makon Black Friday, ƙarshen Nuwamba, da kuma ƙarshen shekara. Ka sa waɗannan a kalandar wayarka. Amfaninsu shi ne in ka ga wasa ya ba ka sha'awa a farkon Yuni, ka san mako uku kawai za ka daure.

Mataki na 2: Haɗa jerinka tun da wuri, sannan ka tace shi

Kowane shago na da maɓallin Wishlist a shafin wasa. Duk wasan da ya burge ka a cikin shekara, kada ka saya, danna wannan maɓallin ka wuce. Steam kan aiko maka da saƙon imel in an rage wa wani abu a jerin farashi.

Mako guda kafin rangwame ka zauna ka tace. Tambaya ɗaya nake yi wa kowane wasa: in na saye shi, zan fara shi kafin rangwame na gaba? In amsar ita ce "wata rana dai", ya zauna a jerin. Ba zai gudu ba. Wasan da aka rage wa farashi a Yuni, kusan kullum za a sake rage masa a Disamba, sau da yawa ma fiye da na baya.

A nan shafin HowLongToBeat ke da amfani. Yana nuna matsakaicin awannin da mutane suka ɗauka kafin su gama wasa. Ka lissafa awa nawa kake samu na wasa a mako, ka ninka da makonnin da suka rage kafin rangwame na gaba. Mai samun awa biyar a mako, a wata uku yana da kimanin awa 65. The Witcher 3 shi kaɗai, in za ka bi labarin da ayyukan gefe, ya haura awa 100. Ka ga mai irin wannan lokacin wasa ɗaya babba ya ishe shi, ko ƙanana uku. Yawancin masu sayen wasa ba kuɗi ne ke fara ƙare musu ba, lokaci ne.

Ka fito da uku zuwa biyar, ka jera su bisa wanda ka fi so, ka rubuta kusa da kowanne farashin da in ya kai za ka saya.

Mataki na 3: Duba tarihin farashi

Wannan shi ne matakin da ya raba mai wayo da mai gaggawa. Akwatin kore da ke cewa an cire kashi 60 ba ya gaya maka ko cinikin ya yi kyau. Abin da kake nema shi ne mafi ƙanƙantar farashin da wasan ya taɓa sauka.

Ka rubuta sunan wasan a SteamDB, ka shiga sashen farashi. Za ka ga jerin ƙasashe, kowace da farashin yau da kuma mafi ƙasan da aka taɓa gani, a ƙarƙashinsa kuma zane mai hawa da sauka kamar matakala. Ka karanta zanen nan da kyau. In ka ga kowane wata biyu layin na faɗawa zuwa wuri guda ya koma sama, to wannan wurin da yake faɗawa shi ne ainihin kuɗin wasan, wanda ya saya a sama da haka gaggawa ce ta ci shi. In yau an cire kashi 50 alhali watanni uku da suka wuce an cire 75, ka haƙura, zai dawo. In farashin yau ya yi daidai da mafi ƙasa ko ya kafa sabo, ka saya da kwanciyar hankali.

Kamfanoni ma halinsu ya bambanta, kuma da ka ɗan jima kana duba zanen za ka gane su. Wasannin da ake fitar da sabo duk shekara, irin su EA Sports FC mai fitowa a ƙarshen Satumba, farashinsu kan rushe cikin 'yan watanni, zuwa Black Friday an riga an fara zaftarewa. Wasannin Ubisoft ma ba sa daɗewa a kan cikakken farashi. Na Nintendo kuwa, irin su Mario da Zelda, sai su yi shekaru ba a cire musu fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, don haka in ka ga wannan ɗin ka ɗauka, jiran kashi 75 a wurinsu ɓata lokaci ne. Akwai ma irin Factorio, wanda masu shi suka faɗa a fili cewa ba sa yin rangwame kwata-kwata.

Wasu na tsoron a ɗaga farashi dab da rangwame sannan a yi kamar an rage. A Steam dokar shagon ta hana mai wasa yin ragi cikin kwana 30 da ɗaga farashi. A sauran wurare zanen tarihin zai tona asirin duk wanda ya gwada.

Kuskuren lissafi da ake yawan yi: ragi a kan ragi ba a tara su. In an cire kashi 50, sannan kana da takardar ƙarin ragin kashi 20, ba kashi 70 ka samu ba. Abin da yake 100 ya koma 50, a cire kashi 20 na hamsin ɗin ya koma 40. Kashi 60 ke nan.

Mataki na 4: Tabbatar na'urarka za ta ɗauka

A ƙasan shafin kowane wasa na kwamfuta akwai jeri biyu, mafi ƙarancin abin da ake buƙata da kuma wanda aka fi so ka mallaka. Ka kwatanta da abin da ka kwafo daga dxdiag. In na'urarka a kan mafi ƙarancin ta tsaya cif, ka sa ran wasan zai buɗe amma zai riƙa sarƙewa. In ba ka gane sunayen katunan hoton ba, ka rubuta sunan wasan da sunan katinka a YouTube. Da wuya ka rasa wanda ya ɗauki bidiyon gwajinsa, da lambar saurin hoto tana motsi a kusurwar allo.

Ka duba girmansa kuma. Red Dead Redemption 2 na neman gigabait 150 a kwamfuta, Baldur's Gate 3 ma haka. In datarka a ƙirge take, kuɗin sauke irin wannan na iya cinye duk rangwamen da ka samu, har ya ɗora. Ka haɗa shi cikin lissafi.

A gefen dama na shafin Steam akwai wani ɗan akwati mai ruwan ƙasa da mutane ke tsallakewa. Shi ke faɗa maka ko wasan na buƙatar ka buɗe wani asusu dabam a wajen kamfaninsa, ko yana ɗauke da manhajar kariya irin Denuvo mai neman intanet lokaci zuwa lokaci. Wasan da ba ya tashi sai da intanet, rayuwarsa a hannun kamfanin take. The Crew na Ubisoft misali ne: an rufe sabarsa a ƙarshen Maris 2024, duk wanda ya saya ya daina iya bugawa. Kafin ka sayi tsohon wasan da da mutane ake buga shi a intanet, ka duba a SteamDB mutum nawa ke ciki a yanzu. In 'yan tsiraru ne, arahar ba ta da amfani, filin ya watse.

Mataki na 5: Karanta sharhin masu saye, na kwanan nan

Steam na nuna maki iri biyu, na duka tun fitowar wasan da kuma na kwana 30 da suka wuce. Na biyun ya fi gaya maka halin da wasan ke ciki yau. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 cike da matsaloli har Sony ya janye shi daga shagonsa na wasu watanni, amma bayan gyare-gyare ya zama wani abu dabam. Akwai kuma masu yin akasin haka, su fara da kyau, wani sabuntawa ya lalata su.

Ni sharhin masu suka nake fara karantawa, musamman waɗanda aka nuna sun yi awa 20 ko 30 a ciki. Mai yabo yakan ce "ya yi daɗi" ya tafi. Mai suka shi ke faɗa maka cewa bayan rabin labarin maimaici ne, ko kuma ba ka ci gaba sai ka sayi kaya a ciki.

Mataki na 6: Zaɓi bugun da ya dace

Nan ne shaguna suka fi kama mutane. Wasa ɗaya sai ka gan shi iri uku: na asali, Deluxe, da Complete ko Game of the Year. Ka buɗe kowanne ka karanta abin da ke ciki. In ƙarin da ke Deluxe tufafin jarumi ne da waƙoƙin wasan, bar shi. In ƙarin labari ne na gaske, ka yi lissafi. Cikakken bugun The Witcher 3 na ɗauke da Hearts of Stone da Blood and Wine, waɗanda kowannensu ya kai wasa guda, kuma a lokacin rangwame bambancinsa da na asali kaɗan ne. Wanda ya sayi na asali sannan ya dawo yana sayen ƙarin ɗaya bayan ɗaya, ya fi kashe kuɗi.

Ka kula da wasannin da ake sayar da tushensu kamar kyauta amma suna da ƙari goma ko ashirin, irin na dabarun yaƙi da gina birane. A irin waɗannan ka sayi tushen kawai, ka buga, in ya kama ka sai ka nemi ƙari ɗaya ko biyu da aka fi yabo a rangwame na gaba.

Ƙunshin wasanni kuwa, ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Ka cire duk wanda ba ya cikin jerinka, ka ga ko sauran sun kai kuɗin. Yawancin ƙunshin Steam kan cire maka kuɗin wanda ka riga ka mallaka, amma ba duka ba, don haka ka karanta abin da kwandon ya rubuta kafin ka biya. Masu PlayStation kuma su sani cewa ƙarin da aka saya a intanet dole yankinsa ya dace da na faifan wasan, in ba haka ba ba zai hau ba.

Mataki na 7: Kwatanta shaguna, amma ka san inda za ka tsaya

Wasan kwamfuta ba a Steam kaɗai ake sayensa ba. Humble Bundle, Fanatical da Green Man Gaming na sayar da lambobin da suka karɓo kai tsaye daga masu wasan, ka shigar a Steam wasan ya zama naka. Sau da yawa sukan ɗan fi araha. IsThereAnyDeal irin waɗannan shagunan masu izini yake jerawa, shi ya sa nake fara dubawa a can. GOG kuma na sayar da wasanni marasa makulli, ka sauke fayil ɗin ka ajiye, ko babu intanet zai yi aiki.

Akwai kuma kasuwannin da kowa ke iya kawo lamba ya sayar, inda za ka ga sabon wasa a rabin kuɗinsa. Wasu lambobin da katin banki na sata aka saye su, in mai katin ya kai ƙara a soke lambar, wasan ya ɓace daga asusunka. Wasu kuma an ɗaure su da wani yanki, su ƙi buɗewa a wurinka. Mafi muni su ne masu sayar da asusu sukutum, don mai asusun na asali na iya ƙwace abinsa duk ranar da ya ga dama. Araha ba ta ado. Haka ma sauya ƙasar asusu da VPN don samun farashin wata ƙasa, ya saɓa wa yarjejeniyar Steam, kuma ana iya taƙaita maka asusun da ka daɗe kana tarawa.

Abu ɗaya da za ka riƙe: lambar da ka saya a wani shago, ko mai izini ne, Steam ba ya mayar da kuɗinta. In kana shakkar wasan, ka saye shi a Steam kai tsaye ko da ya ɗan fi tsada.

Mataki na 8: Biya, ba tare da gaggawa ba

A da can Steam na yin ragi na 'yan awanni a tsakiyar rangwame, mutane su yi ta gadin shafi dare da rana. An daina wannan tun 2015. Yanzu farashin ranar farko shi ne na ranar ƙarshe. Ka shiga a kwana na biyu ko na uku, cunkoson ya ragu, ka zuba abin da ke jerinka a kwando, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka ga ɗaya ko biyu sun daina burge ka. Sai dai kada ka bari sai awar ƙarshe, don da agogon yammacin Amurka ake rufewa, ƙarfe 10 na safensu, kuma kati na iya ƙin wucewa.

In ka san hannunka ba ya tsayawa, ka zuba adadin da ka yanke a jakar kuɗin shagon, ka cire katinka daga asusun. In ta ƙare, ciniki ya ƙare. In kuma katinka ba ya aiki a shagon, katin kyauta na shagon zai maye gurbinsa, muddin ka saye shi a wurin da aka amince da shi kuma ya dace da yankin asusunka. Duk saƙon da ya zo maka da mahaɗi yana cewa ka ci kyautar wasa ka shiga da kalmar sirrinka, share shi.

Mataki na 9: Gwada wasan tun ƙofar mayar da kuɗi na buɗe

Steam na mayar da kuɗi in ka nema cikin kwana 14 da saye kuma ba ka kai awa biyu kana wasan ba. Epic ma haka. GOG ya ba da kwana 30, ko da ka sauke ka buga. PlayStation kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa damar ta tafi, sai in wasan na da lahani. Nintendo kuwa galibi abin da ka saya ka saya. Don haka a waɗannan biyun na ƙarshe duk bincikenka ka gama shi kafin ka danna.

A Steam kada ka jibge wasannin ka ce sai wata mai zuwa. Ka sauke kowanne a cikin makon, ka sa agogo, ka buga awa ɗaya. Ka lura cewa lokacin da ka ɓata a allon farko ko wajen gyara fuskar jarumi duk ana ƙirgawa, don haka ka wuce su da sauri ka kai inda ake wasan sosai. In yana sarƙewa ko bai yi maka ba, ka shiga sashen taimako, ka zaɓi wasan, ka nemi kuɗinka. Wanda kuma ya sayi wasa kwana biyu kafin rangwame ya faɗo, Valve ya ce ba laifi ba ne ya mayar ya sake saye a sabon farashi, in dai yana cikin sharuɗɗan nan biyu. Amma mai mayarwa kullum kamar haya yake ɗauka, ana iya toshe masa damar.

In aljihu bai kai ba a wannan zagayen

Epic na ba da wasa kyauta duk ranar Alhamis, a ƙarshen Disamba kuma kusan kullum, kuma in ka karɓa ya zama naka ko ba ka sauke ba. A Mayu 2020 har Grand Theft Auto V suka bayar. Steam Next Fest, da ake yi a Fabrairu, Yuni da Oktoba, na buɗe ɗanɗanon ɗaruruwan wasanni kyauta, kuma ya fi biyan kuɗin wasan da bai fito ba, wanda cinikin biri a sama ne. 'Yan gida ɗaya na iya haɗa asusunsu a Steam Families, har mutum shida, kowa ya buga na kowa, don haka ka tambayi 'yan'uwanka abin da suke da shi kafin ku sayi abu ɗaya sau biyu.

Mai rajistar Game Pass na Xbox ko PlayStation Plus, inda ake biyan kuɗin wata a buga wasannin da ke kundinsu, ya duba ko wasan na cikin kundinsu kafin ya saya. In wasa ne gajere da za ka gama a mako biyu, rajistar wata ɗaya na iya fin sayensa sauƙi, sai dai ka kashe sabuntawa ta atomatik a ranar da ka yi rajistar, kada ka bari sai ka tuna. Mai na'urar da ke cin faifai kuma ya kwatanta da faifan hannu, don shi in ka gama kana iya sayarwa ko musaya, abin da na intanet ba ya yi. Ka dai juya bayan faifan a haske ka duba ƙarzuwa, kuma ka ɗauka cewa duk lambar ƙari da ke cikin kwalin an riga an yi amfani da ita.